Re: Shin tseren Lombardia tun farko na masu hawan tsauni ne?

Malam, ka tambaya ko tun asali gwanayen hawan tudu ne ke cin tseren keken Lombardia da ake yi a arewacin Italiya a watan Oktoba. A'a, ba haka ya faro ba. A 1905 aka fara shi, daga Milan a koma Milan, Giovanni Gerbi ya yi na ɗaya. An shekara da shekaru ana ƙarewa a Milan, bayan doguwar shimfiɗaɗɗiyar hanya da ke ba na baya damar cim ma na gaba. Hatta Fausto Coppi, mai nasara biyar tsakanin 1946 da 1954, sau da dama sai ya tsere a tudun Ghisallo sannan ya sha fama shi kaɗai har Milan. A 1961 aka mai da ƙarshen tseren Como, tuddai suka matso kusa da layin gamawa.

Amma fa duba hanyar kowace shekara kafin ka yi hasashe, domin yanzu ana musanyawa tsakanin Como da Bergamo. Ni dai a kallona, in Bergamo za a ƙare, kan tudun Passo di Ganda ake raba gardama. Nan Tadej Pogačar ya ɓalle a 2021, Fausto Masnada kaɗai ya cim masa daga baya, sauran kuwa gajiyar ƙarshen kakar tsere ta riga ta cinye musu ƙafafu.