Wane suna ya kamata in sa wa ekstenshon ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne ina koyon Flutter (kayan haɗa manhaja da ake rubutawa da yaren Dart), mu uku muke haɗa wata manhaja, to kowa in ya ƙara wa String ko DateTime wani ɗan aiki sai ya zuba a fayil ɗaya mai suna utils.dart, yanzu fayil ɗin ya cika maƙil ba wanda ya san me ke ciki. Dan Allah akwai ƙa'idar sa suna ne ko kowa yadda ya ga dama?
Daga wani ɗalibi a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ƙa'ida akwai, kuma wallahi gara da ka tambaya tun manhajar ba ta yi nisa ba.

Ku raba utils ɗin nan tukuna. Sunan kowane ekstenshon, wato ƙarin aikin da kuke yi wa kilas ɗin da ya riga ya wanzu, ya nuna abu biyu, wane kilas aka ƙara wa (kamar String ko DateTime), kuma wane aiki aka ƙara masa. In kun rubuta abin da zai mai da lambar waya mai farawa da 0 ta koma +234, ku ce PhoneFormatting a kan String, fayil ɗin kuma string_phone_formatting.dart, don a Dart sunan ekstenshon kowace kalma da babban harafi take farawa, fayil kuwa ƙananan haruffa ne da layin ƙasa a tsakani. Mutanen yaren Swift su String+Phone.swift suke rubutawa, al'adar da suka gada daga Objective-C, 'yan C# kuma StringExtensions, wanda ni dai bai gamsar da ni ba in kilas ɗin ya fara tara ayyuka barkatai.

Kar kuma ku bar ekstenshon babu suna. Dart ta yarda da hakan tun da ta kawo ekstenshon a 2.7 cikin 2019, amma marar suna a laburarensa, wato inda aka rubuta shi, kaɗai yake aiki, sannan ranar da ekstenshon biyu suka zo da aiki mai suna iri ɗaya, da sunan nan ne za ka ɓoye ɗaya da umarnin hide ko ka kira wanda kake so kai tsaye.

Inda na fi so ka kula shine sunan aikin da ke ciki. In kilas ɗin yana da nasa mai wannan sunan to nasa ne zai yi aiki, naka ko kallonsa ba za a yi ba, kusan haka abin yake a yarukan Kotlin da C# ma, ka ga ke nan in ka sa suna gama-gari kamar format gobe masu kilas ɗin suka ƙara nasu, sai manhajarka ta canza hali kana ta neman dalili. Irin wannan karon ne ya sa a 2018 aka fasa sa wa sabon aikin JavaScript suna flatten aka koma flat, saboda tsohon laburaren MooTools ya riga ya liƙa nasa flatten ɗin a jikin Array kuma shafuka suka fara lalacewa. Don haka toIntlPhone ya fi format nesa ba kusa ba, ko da ya ɗan fi tsawo wajen bugawa.