Ƙungiyar Tea Party ta Amurka: ta talakawa ce ko ta masu kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina nazarin siyasar Amurka, sai na ci karo da zanga-zangar Tea Party. Wasu sun ce jama'a ne suka tashi da kansu, wasu kuma sun ce attajirai ne suka ɗauki nauyinta. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fushin na gaskiya ne, kuɗin ma na gaskiya ne.

A Oktoba 2008 Shugaba Bush ya sa hannu kan dokar ceto bankuna da dala biliyan 700. Obama na hawa mulki, a 17 ga Fabrairu 2009 ya sa hannu kan wasu biliyan 787 don farfaɗo da tattalin arziki. Kwana biyu bayan haka, Rick Santelli na tashar CNBC ya tsaya a kasuwar hada-hada ta Chicago yana faɗa kai tsaye a talabijin: me zai sa a ɗauki harajin wanda ya biya bashin gidansa a ceto wanda ya kasa biya? Ya yi kira da a sake irin abin da mutanen Boston suka yi a 1773, lokacin da suka zubar da ganyen shayin Ingila cikin teku don adawa da haraji; daga nan aka samo sunan Tea Party. Ranar 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, aka fito a ɗaruruwan garuruwa.

Waɗanda suka fito ba matalauta ba ne. Yawancinsu farar fata ne, dattawa, masu rufin asiri, da yawa sun yi ritaya ko suna da 'yar sana'arsu. Sun kafa ƙungiyoyi a garuruwansu, suna taro a gidajen abinci da ɗakunan karatu, kuma ba wanda ya biya su. Abin da ya fi ba ni mamaki game da su shi ne suna son fanshonsu na gwamnati da inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare. Abin da suka ƙi shi ne a ba wanda suke ganin bai yi gumi ba, musamman baƙin haure da matasa.

Masu kuɗi kuwa sun zo da lasifika. Ƙungiyar FreedomWorks ta tsohon ɗan majalisa Dick Armey da ƙungiyar Americans for Prosperity da attajirai 'yan gidan Koch ke tallafawa sun ba da horo da motocin ɗaukar jama'a, tashar Fox News kuma ta yi ta tallata tarukan tun kafin a yi su. Su burinsu rage haraji da sassauta wa kamfanoni dokoki, wanda ba lallai ne ya dace da na dattijon da ke riƙe da kwali a titi ba.

A ganina ƙarfin 'yan Tea Party ya fito ne daga zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican, inda mutane kaɗan ke fitowa, don haka masu himma ke yanke hukunci. A 2010 suka hana Sanata Bob Bennett na Utah takara, suka kai Rand Paul da Marco Rubio Majalisar Dattawa, jam'iyyar kuma ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai. Daga nan duk ɗan majalisar Republican da ya yi sulhu da Obama ya san kujerarsa na rawa. Haka aka kai ga rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 16 a 2013 kan dokar lafiya ta Obama. A 2014 Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a Majalisar Wakilai, ya sha kaye a zaɓen fidda gwani a hannun wani malamin jami'a, Dave Brat, a 2015 kuma Kakakin Majalisa John Boehner ya ajiye muƙaminsa.