Leza ko ilimin taurari? Amsa ga ƙanenmu mai shirin digiri na biyu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka: ka gama digirin farko a fiziks, aikin kammalawarka a kan leza (na'ura mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, launi ɗaya) ka yi shi, amma zuciyarka na wajen taurari, kuma wani malaminka ya ce ka zaɓi ɗaya, don taura biyu ba ta taunuwa. Malaminka ba ƙarya ya yi ba, sai dai a nan taurar ɗaya ce. Ni daga teburin leza na fara, yau kuma abincina a kan hasken taurari yake, kuma abin da na koya a teburin nan shi ya buɗe mini ƙofar. Kada ka yar da shi.

Ka fara tuna cewa babu wanda ya taɓa ɗebo ɓallin tauraro ya kawo ɗakin gwaji. Kusan duk abin da muka sani game da taurari, zafinsu, nauyinsu, shekarunsu, sinadaran cikinsu, daga haskensu aka tatso shi. Ana tsaga hasken ya bazu launi-launi, sai a ga wasu siraran layuka baƙaƙe a ciki, kowane sinadari da nasa layukan. Da karanta waɗannan layuka Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa yawancin jikin taurari haidurojin ne da hiliyam. Saboda haka mutumin da ya san yadda haske ke tafiya cikin madubi da gilashi da zaren haske (siririn zaren gilashi da haske ke bi ta cikinsa), ya san inda na'ura ke yaudarar mai aunawa, ba baƙo ba ne a wannan fage.

In kana son mutumin da ya bi hanyar nan daga farko har ƙarshe, ka karanta tarihin Charles Townes. A Jami'ar Kolombiya ta Amurka shi da ɗalibansa suka ƙera na'urar da ake kira mesa (maser), wadda ita ce yayar leza, tana aiki da iskar amoniya. A 1958 shi da Arthur Schawlow suka rubuta yadda za a kai wannan dabara zuwa haske, a 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, a 1964 kuma aka ba Townes kyautar Nobel tare da Basov da Prokhorov na Tarayyar Sobiyat. Wani da sai ya kishingiɗa ya ci ribar sunansa. Shi kuwa a 1967, ya haura shekara 50, ya koma Berkeley a Kalifoniya ya juya ga sararin sama. Cikin shekara biyu shi da abokan aikinsa suka gano amoniya da tururin ruwa a gajimaren da ke tsakanin taurari, a lokacin da masana da yawa ke ganin irin waɗannan ƙwayoyi ba za su jure can ba. Abin da ya sa ya san inda zai duba shi ne ya daɗe yana auna amoniya a ɗakin gwaji, ya san ainihin zangon (wato tsawon igiyar siginar) da take fitar da sigina. Daga baya ya kafa na'urori a kan Dutsen Wilson waɗanda ke gauraya hasken tauraro da hasken leza don auna faɗin manyan taurari, har a 2009, yana da shekara casa'in da 'yan kai, ya ba da rahoton cewa faɗin tauraron Betelgeuse ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 tun 1993. Ban ga inda mutumin nan ya bar leza don ya kama taurari ba.

Bari in nuna maka inda lezar ke aiki yau, don a nan guraben suke. Ƙyaftawar da kake ganin tauraro na yi da dare, ba tauraron ba ne, iskar da ke kanmu ce. Ka san kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta da rana tsaka a bazara? Haka iska ke yi wa hasken tauraro, ta dagula hoton komai girman madubin hangen nesa. Tun 1953 Horace Babcock ya kawo shawarar a yi madubi mai lanƙwasa kansa yana gyara dagulewar, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Amma madubin na bukatar tauraro mai haske kusa da abin da ake kallo don ya auna rawar iskar da shi, kuma yawancin sama babu irin wannan tauraro a kusa. Sai aka ce to a ƙirƙiro shi. A nisan kilomita 90 sama da mu akwai shimfiɗar sodiyam da duwatsun sama ke bari in sun ƙone. In ka harba leza mai zangon nanomita 589, launin ruwan ɗorawa mai ɗan ja irin na tsofaffin fitilun titi, sodiyam ɗin zai haskaka ya zama ɗigon tauraro na wucin gadi a daidai inda kake so. Madubin Keck da ke Hawai ya fara aiki da wannan a 2004, a Paranal ta ƙasar Chile kuma tun 2016 leza huɗu ake harbawa lokaci guda, kowace wat 22. Da taimakon madubi mai gyara kansa Andrea Ghez da Reinhard Genzel suka bi taurarin da ke kewaya tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki, suka nuna akwai wani abu can mai nauyin rana kusan miliyan 4, aka ba su Nobel a 2020. Genzel ɗin nan kuwa ya yi aiki da Townes a Berkeley yana matashi.

Akwai kuma abin da ake kira matsefin leza, wanda John Hall da Theodor Hänsch suka sami Nobel a kansa a 2005: leza mai fitar da dubban layukan haske a jere, tazararsu daidai wa daida. Masu neman duniyoyi a kewayen wasu taurari da shi suke daidaita na'urorinsu. Ana gano duniya ne ta ɗan motsin da take sa tauraronta ya yi; duniyarmu, misali, tana motsa rana da gudun da bai wuce santimita 9 a daƙiƙa ba. In kana son gano irin wannan motsi a tauraro mai nisa, dole ma'auninka ya tsaya cik shekara da shekaru, kuma mai leza ne ke tsayar da shi.

Yanzu ga yadda aikin yake a hannu, don kada ka zaci kullum kallon sama ne. Kafin ka shiga ɗakin leza za ka cire agogo da zobe, don duk abu mai sheƙi na iya cilla hasken cikin idon wani. Ka sa tabarau na kariya, ka riƙe ɗan kati mai nuna ɗigon hasken da ido ba ya gani. Za ka tsaya kan madubai biyu ƙanana, kowanne da maɓallan murzawa biyu, kana murza wannan kaɗan ka rama da wancan, kana son hasken ya shiga bakin zaren gilashi da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Idonka na kan mita, lamba ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Wani ya buɗe ƙofa iska mai ɗumi ta shigo, aikin yini ya goce. Haƙurin da wannan ke koya wa mutum ba a samunsa a littafi. Na zauna a tarukan da ake zaɓen ɗalibai, na ga yadda fuskar shugaban ƙungiyar ƙera na'ura ke sakewa in ya ji ɗalibi ya taɓa wannan aiki da hannunsa. Masu iya sarrafa bayanai a kwamfuta suna da yawa, masu iya daidaita haske a tebur kaɗan ne.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Bayan digirin digirgir, yawanci kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, ka gama ka kwashe iyali zuwa wata ƙasa, guraben dindindin kuma ba su kai yawan masu nema ba. Lokacin amfani da babban madubi rubuta takarda ake yi a nema watanni kafin, in an ba ka daren kuma gajimare ya rufe, shi ke nan sai wani zagaye. A nan ma leza garkuwa ce gare ka: in hanyar jami'a ta toshe, kamfanonin sadarwa ta zaren haske da masu ƙera kayan asibiti na neman irin hannunka. A gida kuwa, ka sani leza mai kyau ba ta jure wutar da ke ɗaukewa da ƙurar hunturu, don haka in za ka dawo, kuma ina fatan ka dawo, ka dawo da ƙwarewar da kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe ta. Bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia, taurari kusan biliyan 1.8 a fitowar 2022, da na TESS da aka harba a 2018, duk kyauta suke a intanet. Ka fara koyon harshen kwamfuta na Python yau, ka sauke hasken tauraro ɗaya ka zana yadda yake hawa da sauka.

Wajen karatu, ka duba Afirka ta Kudu da farko. Suna da shirin NASSP na digiri na biyu a ilimin taurari da sararin sama, suna da madubin SALT a Sutherland wanda aka buɗe a 2005, kuma suna da Cibiyar Leza ta Afirka. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗalibai daga ƙasashe irin namu, tana kuma shirya makarantar ilimin haske ta 'yan makonni. A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta daɗe a fannin, tun zamanin Farfesa Samuel Okoye da ya yi digirinsa na uku a Kambirij ƙarƙashin masanin taurari Antony Hewish.

In za ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, kada ka cika wasiƙar da cewa tun kana yaro kake son taurari, kowa haka yake rubutawa. Ka faɗa masa wace leza ka yi aiki da ita, zangonta nawa, me ka auna, kuskuren awonka ya kai nawa kuma daga ina ya fito. Ka nemi ƙungiyar da ke ƙera na'urar tsaga haske ko madubi mai gyara kansa, ka karanta takardarsu ɗaya ta kwanan nan, ka yi tambaya ɗaya mai ma'ana a kanta. Ka turo mini sakamakonka na darussan lantarki da maganaɗisu da na kwantam, da daftarin wasiƙar, in duba maka kafin ka aika. Allah Ya ba da sa'a.