Tambayi Likita: Likitan ƙwaƙwalwa, masanin halayya ko jami'in walwala, wa ya kamata in gani?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Saƙonni huɗu na ɗauko a wannan makon, kuma kusan duka a wuri ɗaya suka haɗu: mutum ya yarda akwai damuwa, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Tambaya: Likita, ni direban tasi ne a Bronx da ke birnin New York. Tun da mahaifiyata ta rasu wata bakwai da suka wuce, ban samu zuwa jana'iza ba, barci ya ƙaurace mini, komai ya fita raina. Kamfanin inshora ya ba ni jerin sunayen waɗanda zan iya gani. Wasu an rubuta LCSW a gaban sunansu, wasu PhD ko PsyD. Maiɗakina ta ce kada in kuskura in je wurin na farkon, wai su ne masu ƙwace wa mutane 'ya'ya. Mene ne gaskiya?

Amsa: Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya ba ka haƙuri, Malam. Tsoron maiɗakinka yana da tushe, sai dai ta haɗa mutum biyu ne a riga ɗaya. Masu binciken lafiyar yara a gidaje ma'aikatan hukumar birni ne, aikinsu daban. Mai LCSW kuwa jami'in walwala ne da ya ƙware a kan lafiyar tunani. Ya yi digiri na biyu a fannin walwalar jama'a, ya ƙara shekaru biyu ko fiye yana ganin marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar wani gwani, sannan ya ci jarrabawar lasisi ta jiha. A Amurka doka ta ba shi damar gane matsalar tunani da kuma magance ta ta hanyar zama da tattaunawa.

Mai PhD ko PsyD shi ne masanin halayyar ɗan Adam. Karatunsa ya fi tsawo, domin sai ya kai matakin dakta, kuma yana da abin da ɗan uwansa ba ya yi: gwaje-gwajen auna basira, ƙarfin riƙe abu da yanayin ɗabi'a. Ana ce masa dakta, amma ba likitan asibiti ba ne. Jihohi kaɗan, irin su New Mexico da Louisiana, sun yarda masanin halayya ya rubuta magani bayan ƙarin horo. New York ba ta cikinsu, don haka a inda kake duk su biyun ba sa rubuta magani. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne ko likitanka na yau da kullum.

Inda suka fi bambanta a ganina shi ne inda idonsu yake fara sauka. Masanin halayya yakan soma da abin da ke kai-komo a cikin kanka: me kake faɗa wa kanka da tsakar dare, me ya sa kake ɗora wa kanka laifin rashin zuwa jana'iza. Jami'in walwala zai tambayi wannan, amma zai ƙara da awa nawa kake yi a kan sitiyari, kuɗin haya, 'yan uwan da ke jiran aike daga gida, da ko kana da wanda kuke zama da shi bayan sallar Juma'a. Ga mutum irinka da ke baƙin ciki a ƙasar da ba tasa ba, kowannensu zai iya yi maka aiki, kuma sau da yawa an fi saurin samun layi wurin jami'in walwala. Ka zaɓi wanda ka ji ranka ya kwanta da shi bayan zama biyu ko uku. Idan bai fahimci matsayin uwa a wurin Bahaushe ba, ka canza, ba laifi ba ne.

Batun yara kuwa, ga gaskiyarsa: dukkansu, har da likita da malamin makaranta, doka ta wajabta musu kai rahoto idan suka ga alamar ana cutar da yaro. Uba ya ce ba ya barci saboda rashin mahaifiyarsa ba ya cikin wannan. Amma kafin komai ka je a duba hawan jini da sukari, kuma kada ka tuƙa mota ranar da ba ka runtsa ba. Idan zuciya ta taɓa raya maka cewa gara mutuwa, ka buga 988 nan take, layin taimako ne da ke aiki dare da rana.

Tambaya: Likita, matata ta haihu kwana goma da suka wuce, haihuwar fari. Kwana uku ke nan ba ta barci, tana surutai, jiya ta ce jaririn ba nata ba ne. Iyaye sun ce iska ce, an fara ruƙiyya. Wani abokina ya ce in nemi masanin halayya ya yi mata nasiha. Daga Katsina.

Amsa: Malam, ka ajiye wayar ka kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Wannan ba matsalar nasiha ba ce, kuma ba aikin masanin halayya ko jami'in walwala ba ne a yanzu. Abin da ka bayyana ya yi kama da rikicewar hankali ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin kowace haihuwa 1,000, kuma yawanci a makonni biyun farko take bayyana. Zazzaɓi mai zafi daga ciwon mahaifa ko hawan jinin haihuwa ma suna iya rikita mai jego haka, shi ya sa dole likita ya fara duba jikinta. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya, kuma a yi hakan cikin lallami, ba da tsawa ko ɗauri ba. Addu'a ba ta hana asibiti, a ci gaba da yi a bakin gadonta. Da magani mafi yawansu suna warkewa sarai su koma rainon 'ya'yansu. Idan ta sake samun ciki, a gaya wa masu awo tun farko cewa ta taɓa yin haka, domin yana iya dawowa.

Tambaya: Ɗana yana da shekara 9, ya maimaita aji sau biyu. Malaminsu ya ce daƙiƙi ne kawai. A gida kuwa yana gyara rediyo da fitila. Wa zan kai shi wurinsa? Uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, yaron da ke kwance rediyo ya mayar ba daƙiƙi ba ne, kuma ina roƙon malamai su rage saurin furta wannan kalma. Ki fara da likitan yara a duba ido da kunne, domin yara da yawa allo ne ba sa gani ko muryar malami ba sa ji daga bayan aji. A kuma tambaye ki ko yakan yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ya tafi tunani, don akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro. Idan duk wannan lafiya, to nan ne gonar masanin halayya. Shi ne zai zaunar da yaron ya auna basirarsa da karatunsa, ya gano ko matsalar haɗa baƙaƙe ce ko ta rashin iya tsayar da hankali. Ki tambaya a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika. Abu ɗaya da nake ja wa iyaye kunne a kai: yawancin waɗannan gwaje-gwaje da Turanci aka tsara su don yaran wasu ƙasashe, saboda haka ki tabbatar mai gwajin ya san Hausa ce harshen yaron kafin a yanke masa hukunci da maki.

Tambaya: Yayana yana da ciwon taɓin hankali. An kwantar da shi sau uku, kowane lokaci yana fitowa garau, sai bayan wata biyu magani ya ƙare, kuɗi babu, mai gida ya kore shi daga shago, ciwo ya dawo. Mun gaji. Daga Sakkwato.

Amsa: Ɗan uwa, gajiyarku ba abin kunya ba ce. Labarin yayanka shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro aikin jami'in walwala. Likita ya yi nasa, magani yana aiki, abin da ke kayar da shi yana wajen asibiti ne. A manyan asibitocin gwamnati, har da na ƙwaƙwalwa irin na Kware, Barnawa a Kaduna da na Maiduguri, akwai sashen walwalar marasa lafiya. Mutane sun ɗauka aikinsa kawai yafe kuɗin gado ne. Ya wuce haka: shi ne ke zama da dangi a raba nauyi, ya nemo tallafin magani inda yake, ya bibiyi wanda ya daina zuwa asibiti, wani lokaci har ya yi magana da mai gidan aiki. Sai dai jami'in walwala a nan gida ba lallai ne ya samu horon jinyar tunani irin na mai LCSW a Amurka ba, don haka kada sunan ya ruɗe ku.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne da ɗan uwansa a tare, suna zuwa karɓar magani suna komawa cikin jama'a. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa irin yayanka wariya a wurin aiki da wurin zama, ko da yake aiwatar da ita har yanzu tafiyar hawainiya take yi.

A zuwanku na gaba ku roƙi likita abu biyu. Na farko, ya duba ko yayanka zai dace da allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu a maimakon ƙwayar kullum. Na biyu, ya haɗa ku da ofishin walwala kafin a sallame shi, ba bayan magani ya ƙare ba. Ku je ku biyu ko uku daga cikin dangi, har da wanda maganarsa ke da nauyi a gidan.