Sati uku a Turai da yara: ki rage ƙasashen

'Yar'uwa, kin ce ƙasashe shida a sati uku, da yara uku. Wallahi sun yi yawa, ki tsaya a uku: Faransa, Beljiyam, Holan. Bizar Shengen ɗaya, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ta wadatar wa duka ukun, ki nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa.

Ku bi jirgin ƙasa. Daga Faris zuwa Burusel bai kai awa biyu ba. Mu bara a Amsterdam, ƙaramarmu ta zauna bakin ruwa tana ƙirga jiragen kwale-kwale, ta ƙi tashi. Irin wannan ranar hutun yara suke so.

Ki bar Italiya a Agusta, zafi da cunkoso. Kuma a ƙasashen nan uku, a Yuli magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, ki tanadi barcin rana.