Tambaya da Amsa: Bature Mai Furfura da Kaset Mai Hayaƙi

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Gardama ce ta haɗa ni da ɗana. Ya dage wai Tom Cruise ne ya ƙirƙiro Mission: Impossible. Ni kuwa na tuna muna samari a Aboabo, mukan cika falon wani maƙwabcinmu mai talabijin, yara a kan tabarma, muna kallon wani Bature mai furfura da ake ba shi aiki ta kaset, yana gama saurare kaset ɗin ya tashi da hayaƙi. Akwai kuma wani baƙar fata mai haɗa wayoyi. Yaron ya ce wai tsufa ne ya fara taɓa ni. A raba mu.
Mai karatu, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce wa yaron ya sayo goron ban haƙuri. Shirin ya fara fita a tashar CBS ta Amurka a 1966, shekara guda bayan GBC ta buɗe talabijin a nan Ghana, kuma a lokacin Tom Cruise yana ɗan shekara huɗu. Bruce Geller ne ya ƙirƙiro shi, aka yi ta nunawa har 1973.

Mai furfurar nan Peter Graves ne, sunansa a shirin Jim Phelps. Sai dai ba shi ya fara jan tawagar 'yan leƙen asirin da ke shirin ba. A shekarar farko Steven Hill ne, Bayahude mai riƙo da addini wanda ba ya aiki daga yammacin Juma'a har faɗuwar ranar Asabar, abin da ya riƙa kawo cikas ga ɗaukar shirin, har aka maye gurbinsa.

Mai haɗa wayoyin kuwa Greg Morris ne, wato Barney Collier, kuma a wurina shi ne ƙashin bayan shirin. A zamanin da ba kasafai ake ba baƙar fata matsayin kirki a talabijin ɗin Amurka ba, shi aka ba ƙwaƙwalwa. Za ka gan shi kwance a cikin silin ko ramin lif, gumi na zuba, yana yanke waya ɗaya ya jona wata, alhali sauran suna can sama sanye da kwat suna yaudarar wani janar. In ya makara da daƙiƙa guda, kowa ya shiga uku. Faɗa da harbi kaɗan ne a shirin. Dabara ce zalla: fuskar roba, takardun bogi, ɗakin da aka shirya don mugu ya farka ya ɗauka an yi shekaru yana barci, har ya tona asirin kansa da bakinsa.

Amma Alhaji, duba da kyau wanne ka kalla, don kashi biyu ne. An farfaɗo da shirin daga 1988 zuwa 1990, aka ɗauke shi a Ostareliya, Graves ya dawo. In ƙaramin faifai ne ke kawo saƙon har da hotuna, to na biyun ne, kuma saurayin mai na'urori Phil Morris ne, ɗan Greg na cikinsa, wanda ya fito a matsayin ɗan Barney. Tunda ka ce kaset, na fi zaton na farkon ka gani.

Fim ɗin Tom Cruise da yaronka ya sani sai 1996 ya fito. A ciki aka mai da Jim Phelps maci amana, abin da ya sa Graves ya ƙi fitowa, Jon Voight ya karɓa. Ni ma har yau ban yafe wannan ba. Kiɗan nan dai da ke tashi in an kunna ashana a farkon shirin, na Lalo Schifrin ɗan Ajantina ne, tun 1966 yake, aronsa Tom Cruise ya yi.