Tambaya da Amsa: Sauya tsofaffin faifan ajiya na NAS (na'urar ajiye bayanai da ake haɗawa da network)

Tambaya: Malam, ina da NAS a gida mai faifai biyu, kowane 2TB, an haɗa su a RAID 1 (wato kowane faifai na ɗauke da kwafin abin da ke cikin ɗayan). Shekararsu shida, ɗaya ya fara ƙara. Yaya zan koma 4TB ba tare da na rasa komai ba? Daga mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Malam, da farko kwafe komai zuwa faifan waje. RAID 1 ba ya hana asara gaba ɗaya, kuma lokacin sake gini, wato kwafe bayanan tsohon faifai zuwa sabon, ne tsohon faifai ya fi mutuwa, domin ana karanta shi kaf.

Duba rahoton SMART (bayanin lafiyar faifai da shi kansa ke tarawa), ka fara cire wanda ya nuna matsala. Sa sabon, ka jira ginin ya kammala, zai ɗauki awanni, sannan ka sauya na biyu. Sai bayan nan girman zai kai 4TB.

Faifai iri biyu ne ta yadda suke rubuta bayanai, CMR da SMR. Sayi masu CMR, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Masu SMR jan ƙafa suke wajen gini. In a kasuwar Farm Centre ta Kano za ka saya, duba awannin aikinsa a SMART, don akwai na hannu.

Lallai ka haɗa UPS (na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke), ɗauke wuta ana tsakiyar gini na iya lalata bayanai. Ka kuma kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar NAS ɗin.